FASHIN BAƘI: Yaron da ya kasa natsuwa a ajin Gangara, ƙiriniya ce, firgici ne ko lalurar ADHD?

A kowane ajin firamare akwai yaron da malami ke haddace sunansa tun makon farko. Ba ya iya minti biyar a kan benci, yana amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba, kullum fensirinsa ya ɓace. A gida ma an san halinsa: a aike shi ya sayo gishiri da ashana da man gyaɗa, ya dawo da ashana kaɗai, canjin kuma bai san inda ya jefar ba. Ana kiransa mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi. Idan ya girma abin bai sauya ba, sai a ce ya kangare.

A bayan ajin kuma akwai yarinyar da ba wanda ke kuka da ita. Tana zaune shiru, idonta na kan allo, hankalinta ya yi nisa. Ita sunan da ake ba ta daƙiƙiya.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa wasu daga cikin irin waɗannan yara suna ɗauke da wata lalura ce ta girman ƙwaƙwalwa, wadda ake taƙaita sunanta da ADHD, wato ƙarancin natsuwa haɗe da yawan motsi da garaje. A Gangara, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Jibia da ke kan iyakar Jihar Katsina da Jamhuriyar Nijar, batun ya fi haka sarƙaƙiya. Shekarun hare-haren 'yan bindiga, yunwa da cututtuka sun haifar da wasu dalilan da ke hana yaro natsuwa, kuma a idon malami duk kamarsu ɗaya. Wanda ya kasa bambance su zai ba kowa magani ɗaya, wato bulala, alhali ba ta warkar da ko ɗaya daga ciki.

Mece ce lalurar, kuma yaya yawanta yake?

Ba sabuwar aba ce da wayar salula ta kawo ba. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya yi rubutu kan mutanen da ba sa iya tsayar da hankali a kan abu guda. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yara masu lafiyayyen hankali da ke kasa riƙe kansu. Sunan ADHD ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1987, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a sabon jadawalinta na cututtuka da ya fara aiki a watan Janairun 2022.

Ƙa'idar gano ta tana da tsauri, domin kowane yaro yana da tasa ƙiriniyar. Kundin Amurka na 2013 ya jera alamomi tara na rashin natsuwa da wasu tara na yawan motsi da garaje. Kafin a ce yaro yana da lalurar, sai an samu aƙalla shida daga rukuni guda, sun ɗauki wata shida ko fiye, sun fara tun bai kai shekara 12 ba, ana ganinsu a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma suna yi wa karatunsa ko zamansa da mutane illa a zahiri. Yaron da ke tayar da ƙura a ajin malami ɗaya kawai, amma yana zaune lafiya a Islamiyya da gida, matsalarsa tana wani wurin.

Wani babban nazari da aka wallafa a 2007, wanda ya tattara bincike daga nahiyoyi daban-daban, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran duniya suna da ita. Wani da aka yi kan ƙasashen Afirka a 2020 ya samu kusan kashi 7.5. A Najeriya, binciken Adewuya da Famuyiwa na 2007 a makarantun firamare na kudu maso yamma ya samu kashi 8.7. Ko da an ɗauki mafi ƙanƙantar waɗannan alƙaluma, ajin da ke da yara 80 zai iya ƙunsar huɗu. An fi gano ta a maza, kusan ninki biyu, amma wani ɓangare na wannan tazara ya samo asali ne daga yadda ake tsallake mata, saboda tasu ta fi zuwa da shiru da shagala, ba da tsalle-tsalle ba.

Ayyuka uku da ke tafiyar da hankali

Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke da alhakin abin da masana ke kira ayyukan gudanarwa: tsara abin da za a yi, riƙe shi a rai, da kai shi ƙarshe duk da abubuwan da ke jan hankali a hanya. Galibin masu bincike sun raba su gida uku.

Na farko shi ne birki. Mai bin hanyar Katsina zuwa Magama ya san aikin shinge: motoci da yawa ke isowa, mai tsaro ne ke zaɓar wadda za ta wuce da wadda za ta jira. Haka tunani da sha'awa ke isowa ƙwaƙwalwa a kowane daƙiƙa, a tashi, a yi magana, a leƙa taga, a rama duka. Yawancin yara suna da ɗan taƙin lokaci tsakanin zuwan sha'awar da aikata ta. A wurin mai ADHD wannan taƙin ya yi gajarta ƙwarai. Sau da yawa ya san dokar sarai, zai iya maimaita ta da bakinsa, amma hannunsa ya riga tunaninsa. Masanin halayyar ɗan Adam Russell Barkley, a bayanin da ya fitar a 1997, ya ɗauki wannan raunin birki a matsayin tushen sauran matsalolin.

Na biyu shi ne riƙon wucin gadi. Ya yi kama da allon almajiri: a rubuta, a yi aiki da shi, a wanke, a sake rubuta wani. Da shi ake riƙe saƙon aike har a isa kanti, da shi ake tuna lambar da aka ajiye a lissafin tarawa, da shi ake riƙe farkon jimla har a kai ƙarshenta. Allon mai ADHD ƙarami ne, kuma yana saurin wankuwa. Babur ɗaya ya gifta, gishiri da man gyaɗa sun goge.

Na uku shi ne iya sauya akala: barin wasa a koma darasi, barin hanyar da ta ƙi aiki a gwada wata. Daga waɗannan uku ne tsara lokaci, haƙuri da danne fushi ke tsirowa.

Wani bincike da Philip Shaw da abokan aikinsa suka yi a Amurka, aka wallafa a 2007, ya bi hotunan ƙwaƙwalwar yara sama da 400 na tsawon shekaru. Ya nuna cewa ɓawon ƙwaƙwalwar masu lalurar yana bin tsarin girma iri ɗaya da na sauran yara, sai dai yana makara da kimanin shekara uku, kuma makarar ta fi yawa a ɓangaren gaba. Ma'ana, ɗan shekara goma zai iya kasancewa da basirar sa'anninsa, amma birkinsa na ɗan shekara bakwai ne.

Akwai tambayar da iyaye ke yawan yi: idan ba ya iya natsuwa, yaya yake zama minti 90 a gidan kallon ƙwallo ko ya shafe awa a kan waya? Amsar tana cikin yadda ƙwaƙwalwarsa ke mu'amala da lada. Abin da ke biya nan take, yana kuma sauyawa kowane lokaci, yana riƙe shi da kansa. Abin da ladansa sai ƙarshen zango, kamar kwafar darasi daga allo, shi ke buƙatar birki da riƙo, kuma a nan ne rauninsa yake. Sinadaran da ke isar da saƙo a wannan ɓangare, musamman dofamin, suna da hannu a lamarin.

Duk da haka, masana ba su ɗauki raunin gudanarwa a matsayin cikakken bayani ba. Nazarin Willcutt na 2005, wanda ya haɗa bincike 83, ya tabbatar da cewa masu lalurar a jimlace suna baya a waɗannan gwaje-gwaje, amma akwai masu ita da ke cin gwajin lafiya lau, akwai kuma marasa ita da ke faɗuwa. Shi ya sa babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Tarihin yaron ne ake bi, daga bakin iyaye da malamai.

Gado da muhalli

Binciken tagwaye a ƙasashe da dama ya nuna cewa gado ne ke ɗauke da kaso mafi girma, sama da kashi 70 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane. Ba abin mamaki ba ne a samu uban da ke dukan ɗansa kan mantuwa shi ma ya sha irin wannan dukan yana yaro. Haihuwar bakwaini da haihuwar jariri mara nauyi suna ƙara haɗarin, haka ma gubar dalma, wadda maƙwabciyar Katsina, Zamfara, ta ga bala'inta a 2010 lokacin da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan haƙar zinariya. Rashin tarbiyya ba ya haifar da lalurar, kodayake gida mai yawan hargitsi yana tsananta ta. Bincike kuma bai tabbatar da zargin da ake yi wa sukari ba.

Abubuwan da ke shigar burtu da kamanninta

A nan ne yanayin Jibia ya shigo. Yaron da ya taɓa kwana a gona yana jin harbi, ko aka sace mahaifinsa, ƙwaƙwalwarsa tana koyon zama cikin shirin gudu. Ƙarar babur daga nesa ta isa ta ɗauke shi daga darasi. Ba ya barci sosai, yana saurin fushi, yana zabura. A takarda, alamominsa sun yi daidai da na ADHD. A watan Maris na 2022, dubban mutanen Shimfiɗa sun tsere zuwa garin Jibia bayan janye sojoji daga garinsu, aka tsugunar da da yawansu a ginin makarantar gwamnati. Kafin nan, sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020 ya sa gwamnatin jiha rufe makarantun kwana. Yaran da suka tashi a cikin wannan yanayi suna cikin azuzuwa yanzu, kuma firgici ba ya barin jikin yaro don kawai manya sun zauna sulhu.

Sai yunwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Katsina tun 2021, ta sanar cewa yara 652 ne suka mutu sanadin tamowa a cibiyoyinta na jihar a watanni shidan farko na 2025. Waɗanda suka tsira ba lallai ne su tsira ba tabo ba, domin ƙarancin abinci mai gina jiki a shekaru biyun farko na rayuwa yana taɓa girman ƙwaƙwalwa. Ƙarancin jini da zuwa makaranta ba karin kumallo su ma suna rage natsuwa.

Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana barin irin wannan tabo. Wani bincike a Yuganda da aka wallafa a 2008 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka warke daga shi suna da raunin fahimta bayan shekara biyu, kuma natsuwa ce ta fi shafuwa. Akwai kuma nau'in farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, yaro ya ƙame na 'yan daƙiƙu yana kallon sarari sannan ya dawo. Akwai mai ciwon kunne da ba ya jin malami, da mai raunin gani da ba ya hango allo. Akwai kuma wanda yaƙi ko hijira suka katse wa karatu, ya dawo ajin da ba ya gane komai a cikinsa.

Tambayoyi uku na taimaka wa uwa ko malami wajen fara rarrabewa. Tun yaushe abin ya fara? ADHD tana bayyana tun yaro na ƙarami, ba ta faɗowa rana ɗaya, don haka yaron da a da yake natsattse sai bayan hari ko jinya ya sauya, wani abu ne daban ke damunsa. A ina ake ganinsa, ko'ina ne ko wuri guda? Sannan yaya barcinsa, cinsa, jinsa da ganinsa? Amsoshin ba sa maye gurbin likita, kuma yaro ɗaya zai iya haɗa biyu ko uku, amma suna nuna ƙofar da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa.

Farashin kuskure

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da wannan hujja ake ƙara wa mai ƙiriniya duka. Matsalar ita ce duka yana hukunta rashin sanin doka ne ko raina ta, shi kuwa wannan yaro ya san dokar, birkin ne ya gaza. Ana dukansa yau, gobe ya maimaita, sai a ɗauka raini ne a ƙara. Bayan 'yan shekaru ya yarda cewa shi ɗan banza ne, ya tsani makaranta.

A garin kan iyaka, wanda ya bar aji ba ya rasa wurin zuwa: tasha, dako, acaɓa, bumburutu, kai saƙon 'yan fasa-ƙwauri ta ɓarauniyar hanya. Duk sana'o'i ne masu biya nan take, irin waɗanda ƙwaƙwalwarsa ta fi so, masu haɗari kuma ga mai garaje. Rufe iyaka a Agustan 2019, wanda a Jibia bai ƙare ba sai Afrilun 2022, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun rage halastacciyar sana'a a yankin. Wani nazari a Denmak kan mutane kusan miliyan biyu, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa haɗarin mutuwar wuri ga masu ADHD ya ninka na sauran jama'a kusan sau biyu, akasari ta hanyar hatsari. Bincike da yawa ya kuma danganta lalurar da saurin faɗawa shaye-shaye, a ƙasar da ƙididdigar 2018 ta nuna mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi.

Idan iyaye suka gaji, wasu na kai yaro gidan mari. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka kai samame irin waɗannan gidaje a Daura da birnin Katsina, suka fito da maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Kangara da shaye-shaye ne manyan dalilan da ke kai mutane can, wato daidai inda hanyar yaron da ba a gane matsalarsa ba takan ɓulle.

Abin da ke aiki

Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya na ma'aikatan lafiya a matakin farko ya fara ne da horar da iyaye da tuntuɓar malamai. Dabarun suna bin raunin da aka bayyana a sama. Tunda allonsa ƙarami ne, a ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, a sa ya maimaita da bakinsa. Tunda ladan nesa ba ya riƙe shi, a yaba masa nan take idan ya yi daidai, hukunci kuma ya zama gajere, sananne, ba na huce haushi ba. A zaunar da shi gaba kusa da malami, nesa da taga. A yanka aikinsa gunduwa-gunduwa. A ba jikinsa aikin yi: shi zai goge allo, shi zai raba littattafai. Lokacin barci da na cin abinci su tsaya a wuri ɗaya. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da zai cutar da yaron da firgici ko yunwa ke damu, hasali ma suna taimaka masa.

Akwai magani, kuma tarihinsa ya koma 1937, lokacin da likita Charles Bradley ya lura a Amurka cewa wani maganin zaburarwa yana natsar da wasu yara. Wanda aka fi sani yau shi ne wanda ake sayarwa da sunan Ritalin. Babban gwajin da aka yi kan yara 579, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yana rage alamomin sosai idan likita na bibiya. Sai dai yana rage cin abinci, yana iya hana barci, yana cikin magungunan da dokar duniya ta sa wa takunkumi, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sanya shi a jerin muhimman magunguna a 2019 da 2021 bisa shakku kan ingancin hujjojin amfaninsa na dogon lokaci. Ba abin saye a kemis ba ne, kuma ba a ba yaro mai tamowa ko wanda ba a tantance ba.

Inda hukuma ta tsaya

A takarda an samu ci gaba. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu naƙasa a Janairun 2019, sannan kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A aikace, likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, ƙwararru a fannin yara kuma 'yan tsiraru ne daga cikinsu. Iyalin Gangara da ke son a duba ɗansu sai sun nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Tunda ba za a samu likita a kowace mazaɓa ba, malami da ma'aikacin ƙaramin asibiti su ne matakin farko. An ma gwada hakan a arewa. A wani bincike da aka wallafa a 2017, Lasisi da abokan aikinsa sun ba malaman firamare 84 a Kaduna horon awa uku kan ADHD, suka ƙara da ɗan gajeren bita bayan mako biyu, sannan suka kwatanta su da malamai 75 da ba su samu horon ba. Waɗanda aka horar sun fi sanin lalurar, sun fi sanin dabarun tafiyar da aji, kallon da suke yi wa yaran kuma ya sassauta.

Horon awa uku ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Katsina za ta iya saka shi cikin bitar malamai. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina za su iya koyar da shi ga masu shirin shiga aji. Ma'aikatar lafiya za ta iya haɗa duba ji da gani da alamun firgici cikin ayyukan da take kaiwa ƙananan hukumomin da rikici ya shafa. Waɗannan su ne tambayoyin da matasan Jibia za su iya ajiye wa kansilan Gangara, shugaban ƙaramar hukuma da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa a lokacin kasafin kuɗi: malamai nawa aka horar, a waɗanne makarantu, kuma idan malami ya gane yaro yana buƙatar likita, wace takarda zai cike, wa zai kai wa?